Yadda Ake Tantance Haɗarin Tururin Guba Mai Shigowa Ɗaki Daga Gurɓatacciyar Ƙasa da Ruwan Ƙarƙashinta

Idan fetur ya bayyana a rijiya, abin da aka saba yi a ƙauyukanmu shi ne a daina shan ruwanta, a koma ɗiba a fanfon tuƙa-tuƙa na unguwa, a bar ruwan rijiyar don wanki da kwaɓin ƙasa, daga nan kuma kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Amma man da ya kai ga ruwan rijiya ba a cikin rijiyar kaɗai yake ba. Yana nan shimfiɗe a ƙarƙashin gidajen da ke kewaye, kuma kullum wani ɓangare nasa yana zama tururi, yana kurɗawa ta tsakanin ƙwayoyin ƙasa zuwa sama. Inda ya ɓullo a fili, iska ce take kwashe shi. Inda kuwa ya tarar da ɗaki a samansa, sai ya bi tsagar daɓe ko gindin bango ko hanyar gara ya shigo, ya taru a wurin da mutane suke shimfiɗa tabarma su kwana.

An yi wannan bayani ne domin duba-gari, da ma'aikatan sashen ruwa da tsafta na ƙananan hukumomi, da ɗaliban da ke bincike a kan muhalli, da masu unguwannin da irin wannan ƙorafi yake fara isa wurinsu a karkarar Kano da Jigawa. Yawancin alƙaluman da ake aiki da su a wannan fanni daga Amurka suka fito, musamman daga jagorori biyu da Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar ta fitar a watan Yunin 2015, kuma galibi an gina su ne a kan gidajen da ke zaune bisa kankare. Ɗaki mai daɓen ƙasa, ga rijiya a tsakar gida, ga salga a bayan ɗaki, lamarinsa daban ne, don haka zan riƙa nuna inda alƙaluman suke da amfani da kuma inda dole a ajiye su a koma ga awo.

Kafin komai, a tabbatar ba batun gobara ba ne

Idan warin fetur ya yi ƙarfi a cikin ɗaki, ko a bakin rijiya, ko a ramin salga, to lokacin bincike bai yi ba tukuna. Tururin fetur yana kama wuta da zarar ya kai kimanin kashi 1.4 cikin 100 na iskar wuri, kuma da yake ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi ya kwanta a ramuka da lambatu. A fitar da mutane, a kashe murhu da kaskon wuta, a buɗe ƙofa da tagogi, kada a taɓa makunnin lantarki, kada kuma a tayar da janareto ko babur a kusa. Wanda yake da na'urar auna iska mai kama wuta, idan ta nuna kashi 10 cikin 100 na matakin da wuta take tashi, wannan ya isa a kwashe mutane. Dabarar nan ta masu yasar rijiya, ta zura fitila mai harshe don a ga ko akwai iskar numfashi a ƙasa, ba ta halatta ba a rijiyar da ake zargin mai ya shiga, kuma kada a bar kowa ya sauka cikinta. Mutanen Jigawa ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan bayan abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a ranar 15 ga Oktoban 2024, inda tankar fetur ta faɗi ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu.

Rashin wari kuma ba shaidar lafiya ba ne. Benzin, wato sinadarin cikin fetur da ke haddasa sankarar jini, hanci ba ya jin sa sai yawansa ya ninka sau dubbai a kan matakin da masana suke damuwa da shi ga wanda zai yi shekara da shekaru yana shaƙa. Ga shi kuma mazauna ɗaki kan saba da wari har su daina jin sa, sai dai baƙo ya shigo ya faɗa.

Mataki na farko: a tono tarihin wurin

Ana fara aikin ne da gaisuwa a wurin dagaci da mai unguwa, domin babu takardar ofis da ta kai dattawan gari sanin abin da aka taɓa yi a kowane fegi. A tambaya ko akwai gidan mai a kusa, sabo ko wanda ya daina aiki, da shekarar da aka binne tankunansa, da ko an taɓa tone su. A tambaya ko tanka ta taɓa faɗuwa a bakin titin, da inda man ya gangara ya kwanta. A tambayi inda 'yan bumburutu suke ajiye duro da jarkoki, da inda bakanike yake zubar da fetur ɗin da ya wanke kayan inji da shi, da ko layin bututun mai da ya taso daga Kaduna zuwa ma'ajiyar mai ta Hotoro ya ratsa gonakin garin. Kududdufin da aka cike da shara aka yi gini a kansa shi ma yana cikin lissafi, domin sharar da ke ruɓewa a ƙasa tana fitar da iskar methen mai kama wuta. A ƙauyukan da ke maƙwabtaka da masana'antun Challawa da Sharada, a ƙara da tambayar ko an taɓa kawo durorin sinadarai aka juye a wani rami.

Amfanin wannan tambaya shi ne a san wace irin guba ake fuskanta, domin iri biyu ne manya, kuma halinsu ya sha bamban. Fetur da danginsa sun fi ruwa sauƙi, don haka a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa suke kwanciya, kuma bakteriyar da ke cikin ƙasa, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, tana cinye tururinsu matuƙar ta samu iskar oksijin. Iri na biyu su ne sinadaran wanke maiƙo masu kulorin, irin su TCE da ake wanke ƙarafa da shi a masana'antu da PCE na wankin kaya ba da ruwa ba. Waɗannan sun fi ruwa nauyi, suna nutsewa can ƙasa, ba sa ruɓewa da wuri, suna iya yin shekaru gommai suna bin ruwa zuwa nesa, kuma an tabbatar TCE yana haddasa sankarar ƙoda. Baƙin mai da man gas ba su kai fetur tashi ba. Ƙarafa irin su dalma da kuromiyam na majemu suna gurɓata ruwa, amma ba sa zama tururi, sai dai zaiba, wadda masu wanke zinariya suke amfani da ita, ita kam tana tashi.

Mataki na biyu: a zana taswira, a gano inda ruwa ya dosa

A samu babbar takarda a zana inda ake zargin gubar ta fito, da kowane gida, da kowace rijiya da burtsatse, da lambatu, da kududdufi, tare da tazarar da ke tsakaninsu da mita. Daga nan sai a nemi zurfin ruwa da kuma inda yake gangarawa a ƙarƙashin ƙasa, domin gubar tana bin ruwan ne kamar yadda hayaƙi yake bin iska. Gidan da ke jikin katangar gidan mai yana iya tsira idan ruwan ya ba shi baya, alhali wani gidan da ke can gaba yana zaune daidai a kan hanyar gubar.

Ana gano wannan da rijiyoyi uku ko fiye waɗanda ba a kan layi ɗaya suke ba. Da asuba, kafin a fara jefa guga, a auna daga bakin kowace rijiya zuwa saman ruwa da igiya mai awo. Da yake bakunan rijiyoyin ba tsayinsu ɗaya ba, sai a daidaita su da farin tiyon nan mai ruwa da magina suke fitar da lebur da shi, a san wanne ya fi wanne tudu da santimita nawa. Idan aka cire zurfin ruwa daga tsayin bakin kowace rijiya, za a ga wadda ruwanta ya fi tudu da wadda ruwanta ya fi kwari, kuma daga tudu zuwa kwari ruwan yake tafiya. Burtsatsen da ake yawan ja da inji, ko rijiyoyin masu noman rani, suna iya karkatar da ruwan zuwa wajensu, don haka a sa su a taswirar.

Masu haƙar rijiya su ne malaman wannan mataki. A sa su faɗi abin da suke tararwa daga sama zuwa ƙasa: ina jigawa ta ƙare, ina aka shiga marmara, ina aka tarar da yumɓu, a gaba nawa ruwa ya tsattsafo. Yawancin ƙasar Kano tana zaune ne a kan dutse, ruwan rijiya yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa da kuma tsagoginsa, kuma tsagar dutse tana iya kai guba inda ba a zata ba. Arewa maso gabashin Jigawa kuwa, wajen Haɗeja, rairayi ne da yumɓu shimfiɗa bisa shimfiɗa. Busasshen rairayi yana barin tururi ya wuce a sauƙaƙe, yumɓu mai danshi kuma yana tare shi, sai dai idan rijiya ko salga ta huda shi. A fadamun kogin Haɗeja ruwa yana kusa sosai, kuma a ko'ina yana hawa bayan ruwan Agusta ya kai ƙololuwa wajen ƙarshen damina, sannan ya ja baya har zuwa bazara. Awon rana ɗaya bai isa ba, a tambayi masu gida iyakar inda ruwan yake kaiwa a shekarar da aka samu damina mai yawa.

A kuma duba saman ruwan. Idan an ga ƙyalli mai launin bakan gizo, a taɓa shi da tsinke: na mai yana haɗewa nan take, na tsatsar ƙasa kuwa yana farfashewa ya rabu. A ɗebo saman ruwan a farar kwalba a ga ko mai ya yi shimfiɗa. Rahoton da Shirin Muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a kan ƙasar Ogoni ta jihar Ribas a 2011 ya nuna iyakar da abin yake iya kaiwa, domin a Nisisioken Ogale an tarar da tataccen mai kaurin santimita 8 a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, benzin ɗin ruwan sha kuma ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900.

Mataki na uku: a tace gidajen da za a shiga

Ba kowane gida za a yi wa awo ba, kuɗi ba za su kai ba. Ga sinadarai masu kulorin, duk ginin da ke cikin ƙafa 100, wato kimanin mita 30, daga gefen gurɓatacciyar ƙasa ko gurɓataccen ruwa yana shiga bincike. A lura, daga gefen inda gubar ta bazu ake aunawa, ba daga inda aka zubar da ita ba. Ga fetur tazarar ta fi gajarta, an fi amfani da ƙafa 30, kimanin mita 9, a gefe. Ta tsaye kuma jagorar Amurka ta ce idan fetur ɗin ya narke ne a cikin ruwa, ana buƙatar ƙafa 6 na tsabtatacciyar ƙasa, wato mita 1.8, tsakanin ƙasan harsashin gini da saman gubar. Idan kuwa man yana kwance da jikinsa, sai ƙafa 15, wato mita 4.6. Dalili shi ne a cikin wannan tazara bakteriya take cinye tururin kafin ya iso. Da zurfin ruwa na ƙarshen damina ake wannan lissafi, ba da na bazara ba.

Wannan tacewa tana rushewa idan akwai hanyar da tururi zai bi ya tsallake ƙasar, kuma a nan ne gidajenmu suka bambanta. Rijiyar tsakar gida ƙofa ce buɗe daga ruwan kai tsaye zuwa iskar gida. Salga mai zurfi, da tsohuwar rijiyar da aka cike da shara aka ɗora ɗaki a kanta, da ramin da aka binne bututun ruwa aka mayar da rairayi, duk hanyoyi ne. Haka nan ƙasar da ta bushe ƙurmus tana rage aikin bakteriya, faffaɗan wurin da aka malale da kankare kuma yana hana oksijin sauka. A ganina, gidan da ke da ɗaya daga cikin waɗannan a kan hanyar gubar ya shiga jerin awo ko da tazarar ta nuna ya tsira.

Mataki na huɗu: a shiga gidan a duba

A nemi izinin mai gida, a kuma tafi da ma'aikaciya mace, domin ɗakunan da suka fi muhimmanci suna cikin gida inda baƙon namiji ba ya shiga, kuma matan da suke yini a ciki su ne suka san ɗakin da yake wari da lokacin da yake yi. A rubuta irin daɓen kowane ɗaki, na ƙasa ne ko na siminti, da tsagogi, da ratar da ke tsakanin daɓe da bango, da ramin ɓera, da inda bututu ya shigo. A ɗaga leda ko kafet a duba ƙarƙashinta. A rubuta yawan tagogi da ko ana buɗe su. A rubuta waɗanda suke kwana a ɗakin, a sa alama ta musamman a kan masu juna biyu da jarirai da marasa lafiya, musamman idan TCE ake zargi, domin ana tsoron illarsa ga zuciyar ɗan tayi a watannin farko ko da shaƙar ba ta daɗe ba. Kada a manta da zauren da almajirai suke kwana da ajujuwan makaranta.

Lokacin hunturu ya fi kowane lokaci haɗari. Ana toshe taga da tsumma, a rufe ƙofa ruf, a shigo da kaskon wuta. Iska mai ɗumi tana tashi ta fice ta rufi, sai ɗakin ya riƙa zuƙo wata iskar daga ƙasa don cike gurbinta, kuma da ita tururin yake shigowa. Ɗakin mai jego, wanda ake ɗumamawa ana kuma rufewa kwana da kwanaki, yana cikin wannan hali ko ba hunturu ba.

Sai abin da ya fi rikita bincike, wato gubar da ba daga ƙasa ta fito ba. Babur ɗin da ake shigarwa zaure da dare, da janareto, da jarkar fetur ta injin ban-ruwa, da kananzir, da fenti, da hayaƙin itace da na taba, duk suna zuba benzin a iskar gida. Idan ba a rubuta su aka fitar da su ba, aƙalla kwana ɗaya zuwa uku kafin awo, za a ɗora wa gidan mai laifin babur, ko kuma mai gidan man ya samu hujjar cewa babur ne.

Mataki na biyar: ɗaukar samfuri

Kafin a taɓa komai, a yi magana da ɗakin gwaje-gwajen da zai yi aikin, a tambaye shi sinadaran da yake iya aunawa da mafi ƙanƙantar abin da na'urarsa take gani. Ga iskar ɗaki ana buƙatar wadda take ganin ƙasa da maikirogiram 1 a kubik mita, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Sakamakon da ya ce ba a ga komai ba, alhali na'urar ba ta gani sai abu ya kai ɗaruruwa, takarda ce kawai. Ƙaramar na'urar hannu ta PID tana da amfani wajen bin tsagogi da bakin rijiya don gano ta inda tururi yake shigowa, amma ba ta bambance sinadari da sinadari, don haka ba a yanke hukunci da ita.

Ruwa ana ɗaukarsa a ƙananan kwalaben gilashi na mililita 40, a cika su har su yi tozo, a rufe, a kifa a ƙwanƙwasa. Idan an ga kumfar iska ko ɗaya a sake, domin gubar tana guduwa cikin kumfar. A sa su a kula mai ƙanƙara, su isa ɗakin gwaji cikin kwana 14 idan an ɗiga musu asid, ko kwana 7 idan ba a ɗiga ba. Ruwan da ke can sama shi ne mai tururi, saboda haka burtsatse mai zurfi da ya fito da tsabta bai wanke unguwa ba. Buɗaɗɗiyar rijiya kuma tana zubar da wani kaso na gubarta a iska, abin da aka samu a cikinta yakan gaza abin da ke cikin ƙasar da ke kewaye.

Iskar cikin ƙasa ana zuƙo ta ne ta siririn bututu da aka kafa a jikin gini, zurfin aƙalla mita 1.5, a zuba rairayi a bakinsa na ƙasa, a toshe sauran ramin da yumɓu mai kumbura don kada iskar waje ta bi jikinsa. A bar shi ya zauna, a fitar da iskar da ta tsaya a bututun, sannan a ja a hankali, kada ya wuce mililita 200 a minti. Ƙwararru suna lulluɓe bakin ramin da iskar hiliyam don su ga ko akwai yoyo. A zurfi biyu ko uku, a auna oksijin da iskar kabon da methen tare da gubar, domin idan oksijin yana nan da yawa a sama, gubar kuma tana raguwa yayin da ake hawowa, to bakteriya tana aikinta. Kada a yi wannan awo a ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ko washegarinta. A ɗaki mai siminti, a huda ƙaramin rami a tsakiyar daɓe, nesa da bango, a ja iskar ƙarƙashinsa, a toshe bayan an gama.

Iskar ɗaki ana tara ta a tulun ƙarfe na lita 6 wanda aka zuƙe iskarsa, yana shaƙa a hankali har awa 24, ko kuma da ɗan bututu mai tsotse sinadari da ake ratayewa kwanaki zuwa mako biyu, wanda ya fi sauƙin kaiwa ƙauye. Jagororin waje sun ce a ajiye shi a tsayin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tunda mutanenmu da yawa a kan tabarma ko katifar ƙasa suke kwana, ina ganin a ƙara wani a daidai inda kai yake sauka. A bar ɗakin yadda aka saba kwana a cikinsa, kada a buɗe tagogi don baƙi za su zo. A lokaci guda a ɗauki iskar waje ta ɓangaren da iska take busowa. A tafi da samfuri ɗaya da ba a buɗe ba don ya nuna ko an gurɓata kayan a hanya, kuma kada a haɗa su a but ɗin mota da jarkar mai. Iskar ɗaki tana sauyawa ninki-ninki daga rana zuwa rana, saboda haka a yi awo aƙalla sau biyu, ɗaya a tsakiyar hunturu, ɗaya a ƙarshen damina.

Mataki na shida: a karanta sakamakon

A ɗauka ruwan da ke ƙarƙashin wani gida ya nuna benzin maikirogiram 100 a lita, wato ninki goma na ƙa'idar ruwan sha ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda take maikirogiram 10. A zafin digiri 25 na ma'aunin Selsiyos, abin da ke tashi daga ruwa zuwa iskar da ke samansa ya kai kimanin 0.23 na abin da ke cikin ruwan. Idan aka ninka 100 da 0.23, aka sake ninkawa da 1,000 don a mayar da lita kubik mita, za a samu 23,000 a iskar da ke dab da ruwan. Jagorar Amurka ta ce a ɗauka kashi ɗaya cikin 1,000 ne yake isa ɗaki, wato maikirogiram 23 a kubik mita. Idan kuwa iskar ƙarƙashin daɓe aka auna, da 0.03 ake ninkawa, don haka 200 a ƙarƙashin siminti yana nufin kimanin 6 a ɗaki. Ana kwatanta wannan da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2010, cewa benzin ba shi da matakin da za a ce babu illa: shaƙar maikirogiram 17 a kubik mita tsawon rayuwa tana ƙara mutum ɗaya mai sankarar jini a cikin 10,000, shaƙar 1.7 kuma ɗaya a cikin 100,000.

Wannan lissafi na tacewa ne kawai. Ga fetur yakan zarce gaskiya, tunda bai sa aikin bakteriya a ciki ba. A ɗaya ɓangaren, jagorar da kanta ta ce kada a dogara da waɗannan alƙaluma inda daɓen ƙasa ne, ko inda ruwa bai kai ƙafa 5 daga harsashi ba, ko inda akwai hanyar da tururi yake tsallakewa, kuma wannan shi ne siffar gidaje da yawa a karkararmu. Ruwanmu ma ya fi nasu ɗumi, ɗumi kuwa yana ƙara tashin tururi. A irin waɗannan gidaje awon iskar ɗakin shi ne abin dogaro.

Ana haɗa sakamakon ne a karanta su tare. Idan ƙarƙashin daɓe ya yi yawa, ɗaki ya fi waje, kuma sinadaran da ke ƙasa su ne a ɗaki, to tururi yana shigowa. Idan ɗaki ya yi yawa amma ƙarƙashinsa babu komai, a koma a nemi jarka ko babur. Idan ɗaki da waje sun yi daidai, matsalar ta iskar unguwa ce. Idan kuwa ƙarƙashin daɓe ya yi yawa amma ɗaki lafiya, to simintin ne yake tsare mutane a yau, kuma siminti yana tsagewa.

Mataki na bakwai: abin da za a yi

A rubuta rahoto da taswira da ranakun awo, a kai wa ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha. Malalar mai aikin hukumar NOSDRA ce, wadda aka kafa a 2006, kuma doka ta ɗora wa mai man alhakin sanar da ita cikin awa 24. Gidajen mai suna ƙarƙashin NMDPRA, hukumar da ke kula da tacewa da rarraba mai, tun bayan dokar man fetur ta 2021, sinadaran masana'antu kuma na NESREA ne, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli. A buƙaci a gwada tankuna da bututunsu, a tsayar da yoyon, a kwashe man da ke kwance da ƙasar da ta jiƙu da shi, domin duk gyaran da za a yi wa ɗaki na wucin gadi ne matuƙar tushen yana nan.

Kafin hukuma ta motsa, a mayar da masu juna biyu da yara wani ɗakin, a riƙa buɗe taga ta ɓangare biyu, a toshe tsagogi da ratar gindin bango. Kada a sa fankar da take zuƙe iska daga ɗaki zuwa waje, domin tana ƙara janyo ta ƙasa. A daina wanka da ruwan rijiyar, musamman mai zafi a rufaffen banɗaki, a yi mata murfi mai bututun iska da ya wuce tsayin rufi. Gyara mai ɗorewa shi ne a tone daɓen, a shimfiɗa tsakuwa kaurin santimita 10, a kwantar da bututun roba mai huji-huji a cikinta, a rufe da leda mai kauri wadda aka haɗe bakunanta aka kuma manna ta da bango, sannan a zuba kankare. Bututun, mai faɗin inci 3 ko 4, ya fita ya hau ya wuce rufi da aƙalla santimita 30, nesa da taga da kimanin mita 3. Idan aka shafa masa baƙin fenti rana tana ɗumama shi ya riƙa ja da kansa, kamar bututun salga ta zamani. Idan hakan bai isa ba sai a sa masa ƙaramar fanka mai aiki da sola a wajen ɗaki, wadda ba ta tartsatsi idan fetur ne a ƙasa. Bayan an gama, a huda ɗan rami a kusurwar da ta fi nisa da bututun, a tabbatar da na'ura cewa babu tururi mai kama wuta, sannan a kusanto da hayaƙin turaren tsinke: idan ramin ya zuƙe hayaƙin zuwa ƙasa, jan ya kai ko'ina. A toshe ramin, a sake auna iskar ɗakin bayan wata guda, a kuma maimaita idan hunturu ya kama.